Masaƙa ta rufe: me gwamnatin jiha za ta iya yi wa tsofaffin ma'aikata?

Tambaya: Shekara 18 na yi ina gyaran injin saƙa a Kakuri, Kaduna, kafin a rufe masaƙarmu. Yau Keke Napep nake tuƙawa. Kullum ina jin ana horar da matasa ana raba musu keken ɗinki. Irinmu fa? Jiha na da hurumin taimaka mana, ko sai Abuja?

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Tana da hurumi, kuma babba. Masaƙar Kaduna ma ai gwamnatin yanki ce ta haife ta. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ce ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957, don audugar da ake nomawa a ƙasar Funtuwa da Gusau ta daina fita waje ɗanya. An tanadi auduga da layin dogo da wuta, sannan aka koya wa mutane aikin.

Gaskiya akwai abin da ya fi ƙarfin jiha. Kwastan da harajin shigo da kaya da farashin dala duk na tarayya ne, kuma atamfar fasa-ƙwauri na cikin abin da ya durƙusar da KTL a 2002 da masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007. Amma fili a hannun gwamna yake tun dokar filaye ta 1978, jiha na da kwalejojin fasaha nata, kuma daga 2023 doka ta ba jihohi damar samar da lantarkinsu su raba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne horon mako biyu. Na ga keken ɗinki a kwalinsa, ko buɗewa ba a yi ba, ana cinikinsa a kasuwa kwana uku da bikin rabo, domin ba a tambayi mai shi ko ɗinki yake so ba, ba a kuma duba wa zai kawo masa ɗinkin ba. Kamata ya yi jiha ta fara sanin masana'antun da take son jawowa, injinan casar shinkafa ne ko abincin kaji ko sola, sannan ta ƙirga hannayen da take da su. Wanda ya shekara 18 yana kwance inji yana ɗaurawa, 'yan watanni sun ishe shi ya kama injin casa. Ga kuma kuɗin da jiha ke kashewa kan yunifom ɗin ɗalibai da zannuwan asibiti, waɗanda za ta iya sharɗanta a saƙa a ɗinka a gida.

Shawarata, Malam: hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke nan Kaduna tana da tsarin shaidar ƙwarewa ta NSQ, wanda ke auna abin da hannu ya riga ya iya, kamar yadda aka yi da masu sana'ar hannu a kasuwar Panteka ta Kaduna. Ka nemi wannan takarda. Sannan ku haɗu da tsofaffin abokan aikinka ta ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, ku rubuta sunan kowa da abin da ya iya, ku kai wa ɗan majalisarku kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi.