Kai Yaro, Ba Tara Ƙabilu Ake Yi a Fim Ba

Ka aiko kana tambaya: fim ɗin nan naka na uban da ya kori ɗiyarsa, ya dawo neman gafararta da tsufa, ko ka zuba Bafillace da Buzu da Bazabarme a gidan don kowa ya ga nasa? Maganar haske da sauti da ka haɗa ba zan taɓa ba. Wanda ya riƙe mini kyamara bai kamata ya tambayi wannan ba.

Sa su, amma sai in kowane yana da abin da ya kawo shi. Ku yaran yanzu, kun ɗora wa mutum rawani, kun ba wani sanda da gora, shi ke nan wai an wakilci Nijar. A Maradi Katsinawa da Gobirawan Tsibiri ma ba Hausarsu ɗaya ba, balle makiyayin Dakoro.

Na taɓa yin irin labarinka, zamanin sidi. Surukin gidan Bafillace ne, kuma saboda shi aka kori yarinyar. Na je har ruga na samo dattijo na gaske ya fito uban mijin. Wurin neman gafara, tsohon Bahaushe ya durƙusa gabansa. Dattijon nan bai bi takarda ba. Ya tuɓe malfarsa, ya aje sanda a ƙasa, ya kama hannun mutumin ya tashe shi, ya yi magana da Fillanci a hankali. Mai riƙe da makirufo sai da ya share hawaye. Ba ni na koya masa ba, daga gida ya zo da abinsa.

Sai wani Alhaji da ya sa kuɗi ya ce Fillanci ba ya sayar da faifai. Ya karɓi aikin wai zai kai Kano a tace. Can ya yanke dattijon gaba ɗaya, ya sa ɗan ƙanensa ya fito Bafillace da gwamutsattsiyar Hausa yana gudun mota, yana kiran rediyo aljani. Faifan ya bi ta Jibiya ya cika kasuwa da sunana a goshi, ni kuwa ko dala ban gani ba. Kuɗin ma na haƙura. Abin da har yau ke ci mini rai, dattijon ya tara iyalinsa su kalla, suka tarar ana yi musu dariya. Ɗansa ya gan ni a kasuwar dabbobi ya kau da kai.

Alhajin wai wasan taubasai ne. Ƙarya yake! Taubasantaka, wadda UNESCO ta karrama wa Nijar a 2014, tana da ƙa'ida: Bafillace ya tsokani Babarbare, Babarbare ya rama, a tashi ana dariya tare. A faifan nan wa ya rama? Kuma a jihar Maradi da aka yi abin Toda a 1991, aka hallaka Fulani sama da ɗari, sulhun manomi da makiyayi ba abin raha ba ne.

Don haka ka ba surukin nan bakin magana, ya yi fushinsa, ya ja rai kafin ya yafe, da harshensa, ka rubuta fassara a ƙasa. Mai kuɗi kuwa, ku yi takarda gaban shaidu cewa tacewa a hannunka take. Asalin aikin kada ya kwana gidan kowa. Gobe ka kawo mini labarin in gani, kuma ka zo da wuri.