Amsa ga ɗan'uwan da kamfani ya ce wai shi ya ajiye aiki da kansa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kawo mafita. Ga yadda na fahimci maganarka: ka yi shekaru kana aiki a wani sito na kaya a Bronx, cikin birnin New York na Amurka, manaja ya ce maka kaya sun ragu, ka je gida za a neme ka. Ka nemi kuɗin inshorar rashin aiki, aka fara biyanka, sai ga takarda daga Ma'aikatar Ƙwadago ta jihar New York cewa kamfanin ya ce kai ne ka daina zuwa, aka kuma tsayar da kuɗin. Kana tambaya ko ka bar su da Allah, sannan ko jayayya za ta taɓa takardun zamanka.

Kada ka bari. Na daɗe ina taya 'yan'uwa shirya wa irin wannan zama, kuma akasarin waɗanda na ga sun rasa ba rashin gaskiya ne ya kayar da su ba. Wa'adi ne ya wuce su, ko aka kira ranar sauraro ba su ɗaga waya ba.

Da farko ka cire wa ranka cewa roƙo kake yi. Tsarin nan yana nan tun dokar 1935, kuma a New York kamfanoni ne ke biyan harajin da ake tarawa a asusun, saboda aikin da irinka suka yi musu. Duk kamfanin da tsofaffin ma'aikatansa suka yawaita karɓa, harajinsa yana hawa. Abin da ya sa suke musu ke nan. Manyan kamfanoni ma sukan ɗauki wani kamfanin daban ya riƙa amsa musu waɗannan takardu, ta yadda wanda ya rubuta cewa kai ka gudu wataƙila bai taɓa ganin fuskarka ba. Don haka kar ka ɗauke ta gaba tsakaninka da manaja, lissafin kuɗi ne kawai.

Kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka, kuma daga ranar da aka aiko takardar ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba. ('Yan'uwa na wasu jihohi su lura, kowace jiha da nata: Texas kwana 14 ne, Ohio 21.) Ba sai ka rubuta dogon labari ba. Ka ce ba ka yarda da hukuncin ba, sallamarka aka yi saboda ƙarancin aiki a rana kaza, kana neman a saurare ka, kuma kana buƙatar tafinta na Hausa. Tafinta kyauta ne. Ko da kana jin Turanci na kasuwa da wurin aiki, ina ba ka shawara ka nema, domin amsa tambaya bisa rantsuwa wani abu ne daban. Ka ajiye kwafin duk abin da ka aika.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi yin asara. Da an tsayar da kuɗi sai mutum ya daina shiga yana tabbatar wa Ma'aikatar mako-mako cewa har yanzu ba shi da aiki, ya ce me amfanin tunda ba a biya. Ka ci gaba da yi kowane mako, kana rubuta wuraren da ka nemi aiki, aƙalla ƙoƙari uku a mako kamar yadda jihar ta tanada. In ka yi nasara, makonnin da ka tabbatar ne za a biya ka a dunƙule. Waɗanda ka tsallake, sai ka sha wahala kafin a saurare ka a kansu. Kuma in tafiya gida ta kama, Kano ce ko Kumasi ko Yamai, kar ka tabbatar daga can, kar kuma ka ba wa wani lambar sirrinka ya yi maka. Suna ganewa, kuma wannan zamba suke ɗaukarta, da tara a kai. Mutum yana da gaskiya a shari'arsa ya je ya ɓata ta da wannan.

Shi zaman kansa ba kotu ba ce mai 'yan sanda da akwatin tsayuwa. Alƙali ne na hukumar ɗaukaka ƙarar inshorar, sau da yawa ta waya ko bidiyo, za a rantsar da kowa kuma a naɗi maganar. Tambaya ɗaya yake son warwarewa: wa ya yanke aikin, kai ko su? Duk shirinka ya tafi nan. Ka tattaro saƙonnin waya tsakaninka da manaja, musamman in akwai inda ka tambaya yaushe za ka dawo. Ka ɗauki hoton jadawalin aiki da ke nuna an cire sunanka, da takardun albashi na makonnin ƙarshe da ke nuna awanni suna raguwa, da jerin kiran da ka yi musu. In akwai waɗanda aka tura gida tare da kai, ko mutum ɗaya ya yarda ya ba da shaida, ya fi takarda goma. Kana da haƙƙin duba fayil ɗin kafin ranar, ka ga ainihin abin da kamfanin ya rubuta, kuma kana iya roƙon alƙali ya ba da sammaci a kawo takardar da suka riƙe ko shaidan da ya noƙe.

Za a ba ka dama ka yi wa wakilinsu tambaya. In ma'aikacin ofis suka turo ba manajan ba, ka tambaye shi cikin ladabi ko yana wurin lokacin da aka yi magana da kai. In ya ce a'a, alƙali ya ji. Shaidar wanda ya gani da idonsa ta fi ta wanda aka ba labari nauyi, kai kuwa kana wurin.

Sai halinmu na kunya da kawaici, wanda ado ne a gida amma a wannan ɗaki yana cutarwa. Na ga mutum ana tambayarsa ko an sallame shi, ya fara yabon manaja, yana cewa ai babu komai, shi ma dama ya gaji. Maganar nan ta shiga faifai, kuma da ita za a yi hukunci. Ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai, da rana da sunan wanda ya faɗa da abin da ya faɗa. Tsohon ɓacin rai na shekara biyu ka bar shi a gida. Kar kuma ka ƙara gishiri, domin ƙarya guda in aka kama ta, sauran gaskiyarka ta raunana.

Wani lokaci in suka ga zancen ajiye aiki bai tsaya ba, sai su juya su ce laifi ka yi aka kore ka. To a nan su ne za su kawo hujja. Rashin sauri ko kuskure na ɗan'adam bai kai laifin da ke hana kuɗi ba. Sai an nuna ka karya dokar wurin aiki da gangan, galibi bayan gargaɗi.

Kuɗin da ka riga ka karɓa, kar tsoro ya sa ka ci bashi ka mayar tun ba a yi zama ba. Ka haɗa batun cikin abin da kake jayayya a kai. Game da takardun zama, inshorar rashin aiki haƙƙi ne da aikinka ya jawo, ba ta cikin tallafin da ake ƙirga wa mai neman girin kad (katin zama na dindindin) a matsayin dogaro da gwamnati. Sharaɗin dai shi ne kana da izinin aiki lokacin da ka yi aikin da kuma yanzu. In akwai wata tangarɗa a nan, ka ga lauyan shige da fice kafin ranar.

Lauya ba dole ba ne, amma Legal Services NYC da Legal Aid Society suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, ka kira su da wuri don layi yana da tsawo. Lauyan kuɗi kuma a New York ba ya karɓar lada sai ka yi nasara kuma hukumar ta amince da adadin. In hukunci bai yi maka daɗi ba, kana da kwana 20 ka ɗaukaka, sai dai a can galibi abin da aka naɗa a zaman farko suke dubawa, shi ya sa duk hujjarka ta fito tun a wannan zaman.

Abu ɗaya ba ka faɗa mana ba: ranar da aka tura ka gida, ka sa hannu a wata takarda? In ka sa, nemo kwafinta ka karanta ko an rubuta cewa kai ka ajiye aiki, domin shirin zai canza. Ka dubo ta tare da ranar da ke saman takardar Ma'aikatar, ka sanar da mu yau.