Ƙanina zai auro 'yar Somaliya, Hajiya ta ce ba da ita ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina yana aiki a Minneapolis can Amurka, ya ce ya samu yarinya 'yar Somaliya zai aura, Hajiyarmu ta ce sam ba da yawunta ba, wai ita abin da take ji a labarai a kansu daga 'yan fashin teku sai Al-Shabaab. Ni dai na rasa bayan wa zan bi.
Wata 'yar uwa daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Hajiya uwa ce, tsoronta na ƙauna ne, kar ki yi mata gardama. Amma ki tuna mata yadda ranmu yake ɓaci idan ɗan Arewa ya miƙa fasfo a filin jirgi aka fara masa kallon Boko Haram, to wallahi abin da ake wa Somalawa kenan shekara da shekaru.

Eh an yi fashin teku, ya yi ƙamari tsakanin 2008 da 2011, bayan gwamnatin Siad Barre ta rushe a 1991 babu mai tsaron gaɓar teku, jiragen ƙasashen waje suna ta kwasar musu kifi. 'Yan tsiraru ne suka yi. Al-Shabaab kuwa ai su Somalawan ta fi kashewa, bam ɗin 14 ga Oktoba 2017 a Mogadishu da aka ɗora mata alhakinsa ya ci sama da mutum 500, 'yan kasuwa da direbobi da masu wucewa. Da yawa daga cikin Somalawan da ke jihar Minnesota, inda Minneapolis take, irin wannan bala'in suka gudo wa, wasu sai da suka yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya kafin su samu tafiya.

Abin da ke min ciwo shi ne kyamara ba ta zuwa sai an ji ƙarar bindiga. Waɗannan fa mutane ne mawaƙan baka na gaske, suna da doguwar waƙa da suke kira gabay, makiyayin raƙuma zai haddace baitoci masu ɗimbin yawa a ka ya rera wa jama'a da daddare, don sai a 1972 aka tsayar da rubutun harshensu a hukumance, kafin nan tarihi da sulhu da habaici da soyayya galibi a baki ake ajiye su. Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Turawan Ingila har zuwa 1920, da waƙa yake tara mayaƙa, su kuma Turawan suka laƙaba masa hauka, kin ga ɓata sunan ba yau aka fara ba.

Idan ƙaninki ya shiga gidansu a unguwar Cedar-Riverside ta Minneapolis abin da zai tarar shi ne ƙamshin turaren wuta, shayi mai citta da kanumfari, shinkafa da nama an ajiye ayaba a gefe a ci tare. Matansu na adashi, da shi suke buɗe shago, kuma duk wata sai an tura wa na gida kuɗi ta hawala, wato ta hannun dillalan aika kuɗi. Daga cikinsu Ilhan Omar ta fito aka zaɓe ta majalisar wakilan Amurka a 2018.

Inda nake so ku sa ido daban ne. Musulmi ne, galibi 'yan Shafi'iyya, kuma suna riƙe dangantaka sosai, yaro na iya jero miki sunan kakanninsa har ki gaji, don haka kar ku yi mamaki idan iyayenta ne ma suka fara jan ƙafa kan ba baƙo 'yarsu. Ku yi bincike kamar na kowane aure, a samu dattijo ɗan gida a can ya je masallacinsu ya tambayi halin gidan, a yi maganar sadaki da inda za su zauna tun yanzu. Sannan ki sa ƙaninki ya haɗa Hajiya da mahaifiyar yarinyar a bidiyo kol su gaisa, ko da tafinta ne. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.