Gudun dare a hanyar da ba fitilun titi

Malam, ka tambaya gudu nawa ya kamata ka yi in dare ya same ka a hanyar ƙauye, irin ta Kazaure zuwa Daura.

Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ga ƙaramar mota kilomita 80 ce a awa a babbar hanya, 50 a cikin gari. Da dare kuwa fitilarka ce ke yanke maka gudu. A kan 80, mota na cin mita 22 duk daƙiƙa. Kafin ka hango abu, ka taka birki, ta tsaya cik, ka wuce mita 50, ƙaramar fitila kuma da ƙyar take haska iyakar nan. Shi ya sa ni ba na haura 60, in hazo ya sauko na koma 40.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tirelar da ta mutu a kan kwalta ba wuta ko ɗaya. Da ka ga ganye zube a hanya, sassauta, alama ce. Ga shanu, ga amalanke, ga mai babur da ba fitilar baya.

Kada ka dalle wa mai tahowa babbar fitila, kada kuma ka kalli tasa, zuba ido a gefen damanka. Cikin hazo ma babbar fitila idonka take dawowa.

Kai motar wajen mai wayarin ya saita fitilun. In kuma kai ne ba ka gani sosai bayan magariba, je asibitin ido a duba ko dundumi ne kafin ka sake tuƙin dare.