Ƙaramar kwamfuta a matsayin rauta: kuɗin zai fito?

Tambaya: Ina da shagon fotokwafi da POS a Kano, gidana kuma yana bayan shagon. Data na ƙarewa kafin wata ya cika, ban san mai cinye ta ba. Ɗan yayana da ya karanci kwamfuta ya ce in sayi wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, ya mayar da ita rauta, ta raba intanet tsakanin shago da gida, har mu riƙa sayar wa maƙwabta waifai. Shin kuɗin zai fito?

Amsa: Malam, yaron nan bai yi maka ƙarya ba, abin yana yiwuwa. Raspberry Pi kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, a Ingila aka ƙirƙiro ta, ta shiga kasuwa a 2012. Idan aka ɗora mata manhajar OpenWrt, wadda kyauta ce, sai ta zama rauta mai nuna maka ko wace waya ce ta sha data nawa, ta kuma ba ka damar yi wa kowa iyaka. Wutar da take ci kaɗan ce, samfurin Pi 4 yakan ci wat 3 zuwa 7. A ce wat 5 take ci dare da rana, a wata bai wuce yunit 3.6 ba. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 80 kuwa za ta lashe kusan yunit 58. Saboda haka in wani ya ce ku yi amfani da tsohuwar da ke ajiye a shago don kada a kashe kuɗi, kada ka yarda, a kuɗin wuta za ka biya.

Amma in yaron ya faɗa maka farashi, ina kyautata zaton na 'yar kwamfutar ne kawai. Ka ce ya rubuta maka sauran. Akwai caja mai ƙarfin amfiya 3, da katin memori, da akwatin da za a sa ta don ƙura da zafi. Ramin wayar intanet ɗaya tak gare ta, rauta kuwa tana son biyu, na shiga da na fita, don haka sai an ƙara adafta ta USB. Waifan da ke jikinta ma ba shi da ƙarfi, eriyarsa 'yar mitsitsiya ce, da wuya ya ratsa katangar bulo ya kai cikin gida. Dole a sayi wata na'urar watsa waifai daban. In ka tara wannan duka, ka je Beirut Road ko Farm Centre ka tambayi kuɗin rautar da aka ƙera don wannan aiki, sau da yawa za ka tarar ita ce mai sauƙi.

Abin da ya fi damuna ma ba farashi ba ne. Pi a kan katin memori take aiki, kuma katin nan ba ya son a ɗauke wuta ba zato. Yau an ɗauke, gobe an ɗauke, wata rana za ka kunna ta ƙi tashi. Ranar nan shago cike da masu jira a tura musu takardu, yaron kuma ya koma makaranta ko yana bautar ƙasa a wata jiha. Wa zai gyara? Duk na'urar da mutum ɗaya ne kaɗai ya san kanta, ba a jingina ciniki a kanta. In har za ku yi, ka sa ta a kan inbata ko batirin sola, a ajiye kati na biyu da aka kwafe komai a cikinsa, a manna shi da salatif a jikin akwatin, yaron ya nuna maka yadda ake canzawa da hannunka. POS kuma ka bar shi a kan layinsa.

Batun sayar wa maƙwabta kuwa, a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Rauta ba ta haifar data, rabawa kawai take yi, kamar mai rabon nama: abin da aka yanka shi zai kasa. Tun bayan da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ribar mai saye ya sayar ta ƙara ƙanƙancewa. Tsarin da ake kira mara iyaka ma yawanci yana da ƙa'ida, in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu, mutum goma masu kallon bidiyo kuwa za su kai ka can da wuri. Sannan sayar da intanet ga jama'a sana'a ce da NCC ke ba wa lasisi, kuma yarjejeniyar amfanin gida, har da ta Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a 2023, ba ta yarda a sake sayarwa ba. Za a iya rufe maka layi bayan ka karɓi kuɗin mutane. Ka fara tambayar kamfanin da kake sayen data ko suna da tsarin 'yan kasuwa, ka ji farashi, kafin ka yi wa kowa alkawari.

Ga abin da zan yi da ni ne. Kafin sayen komai, ka shiga shafin rautar da kake da ita yanzu, ka duba wayoyin da ke haɗe, ka canza lambar sirri. Ba mamaki a nan kaɗai ka gano ɓarnar. In hakan bai wadatar ba, ka sayi ƙaramar rautar MikroTik, ko wata mai karɓar OpenWrt. MikroTik kamfanin ƙasar Latbiya ne, masu gyara da yawa a Kano sun san kayansa, kuma yana da tsarin tikiti na awa ko na kwana in wata rana ka samu izinin sayarwa. A raba layin shago da na gida, a ba shago fifiko, a yi wa kowace waya iyaka. Ka rubuta abin da kake kashewa a data wata biyu kafin nan da wata biyu bayan nan, bambancin shi zai gaya maka tsawon lokacin da na'urar za ta biya kanta.

Yaron kuma kada ka kashe masa gwiwa. In da hali ka saya masa Pi ɗin ya koyi aiki da ita a cikin gida, inda in ta tsaya ba cinikin da zai tsaya.