Tambaya da Amsa: Ɗan talaka da karatun lafiyar ƙwaƙwalwa, ina kuɗin zai fito?

Assalamu alaikum. Na gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, burina in zama likitar ƙwaƙwalwa. Mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ce ke riƙe da mu da 'yar sana'arta. Akwai tallafin karatu da aka ware wa wannan fanni? (Ɗaliba, Funtuwa)

Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya jiƙan mahaifinku. Gaskiyar magana, a matakin digiri na farko da wuya ki ga tallafin da aka rubuta wa "lafiyar ƙwaƙwalwa" a goshi. Dalili kuwa shi ne ba daga sakandare ake shiga fannin kai tsaye ba. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya fara zama likita kamar kowa: JAMB da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Bayan nan ne zai ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma, ya nemi gurbin horon ƙwarewa na shekara 4 zuwa 6 a asibitin koyarwa, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tun daga shekarar sanin makamar aiki, albashi ake biya. Ke nan wahalarki ta kuɗi shekara 6 ɗin farko ce, ita za ki yi wa tanadi. Ƙofofin neman kuɗin uku ne. Ta farko hukumar tallafin karatu ta jiharku, wadda kan fifita ɗaliban likitanci da jinya. Za a nemi takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, takardar samun gurbi da rasit na rajista. Kada ki ɗora kuɗin rajista a kanta, domin a jihohi da dama kuɗin kan zo ne bayan an rufe rajistar. Ta biyu tallafin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ga ɗaliban makarantun gwamnati, wanda sai daga aji biyu ake nema, da maki 4.0 cikin 5.0 ga 'yan jami'a. Shi ya sa sakamakon aji ɗaya kuɗi ne, ba wasa ba. Ta uku bashin NELFUND, asusun ba da bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, ga bayaninsa a ƙasa.

In gurbin likitanci bai samu ba, kada ki zauna shekara uku kina maimaita JAMB. Ki shiga jinya. Ta fi saurin kaiwa ga albashi, kuma a ɗakin masu taɓin hankali ma'aikatan jinya ne ke kwana da tashi da marasa lafiya.

Ɗana yana karatun jinya a jami'ar gwamnati. An ce ya nemi bashin karatu, ni kuwa ina tsoron riba. Ya ma cike fom ɗin, shiru har yau. (Wani mahaifi, Gusau)

Baba, a kwantar da hankali: bashin NELFUND da aka kafa da dokar 2024 ba shi da kuɗin ruwa, abin da aka karɓa shi za a mayar. Kuɗin makaranta ana tura shi asusun makarantar ne kai tsaye, ɗalibi kuma in ya nemi na ɗawainiya ana sa masa naira 20,000 duk wata. Ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma bashi ne, ba kyauta ba. In yana da mai biya masa rajista, to ya karɓi abin da ya zama dole kawai.

Shirun nan yawanci ɗayan abu biyu ne. Ko makaranta ba ta ɗora bayanansa ko ta tabbatar da shi ba, wannan ofishin kula da harkokin ɗalibai zai je da lambar rajistarsa. Ko kuma sunaye sun saɓa: a JAMB an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a BVN kuma sunan kaka ya zo gaba, ko ranar haihuwa ta bambanta. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ba ne. Ya jera takardun uku a gabansa, ya bi su harafi-harafi, ya gyara wadda ta saɓa. Asusun bankin ma ya zama da sunansa. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai "tura sunan yaro gaba", ɗan damfara ne. Cike fom ɗin kyauta ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin jiha, shekara huɗu ina aiki. Ina son ƙwarewa a kula da masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye, amma ba ni da mai ɗaukar nauyi. (Wata nas, Azare)

'Yar'uwa, mai ɗaukar nauyinki shi ne wanda ke biyanki albashi. Makarantun jinyar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke haɗe da asibitocin Kaduna da Kware, suna ɗaukar nas mai rajista da lasisi mai rai, karatun kuma shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Ki nemi hutun ƙaro karatu da albashi, ta hannun shugabar ma'aikatan jinya zuwa hukumar kula da asibitoci. Inda ake faɗuwa: mutum ya ga sunansa ya fito, ya tattara ya tafi kafin takardar amincewa ta fito a rubuce. Alkawarin baki ba ya hana a tsayar da albashi. Za a sa ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Ki karanta yawansu da abin da za ki biya in kin saɓa.

A takardar neman, kada ki tsaya kan "ina da sha'awa". Ki kawo buƙatar wurin aikinki: masu farfaɗiya nawa, masu damuwa bayan haihuwa nawa, matasan da ƙwaya ta taɓa nawa kuke turawa wani gari duk wata, daga rajistar asibiti, ba tare da sunan kowa ba. Ki ambaci Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, da binciken 2018 da ya nuna mutum miliyan 14.3 na amfani da ƙwaya a Najeriya. Mai sa hannu ya fi jin irin wannan.

Tallafin karatu na ƙasar waje sai da digiri. Chevening, tallafin digiri na biyu na gwamnatin Birtaniya, na neman aikin shekara 2 da alkawarin dawowa gida na shekara 2. Na Commonwealth kuma akwai reshensa da aka yi domin wanda ba zai iya biya wa kansa ba. A gida, Jami'ar Ibadan na da cibiyar da ke ba da digiri na biyu kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa.

Ina aji uku a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Kowa cewa yake in nemi jagora. Ban san kowa ba, ta ina zan fara? (Ɗalibi, Jos)

Da farko ka san inda kake nufa. Digirinka na shekara 4 bai mai da kai mai duba marasa lafiya ba. Sai ka yi digiri na biyu a ɓangaren asibiti, tare da horo ƙarƙashin ƙwararre. Kwas ɗin ba da shawara da ake yi a tsangayar ilimi kuma wata hanya ce daban, ta fi kaiwa makarantu.

Jagoran da zai amfane ka ba lallai farfesa ba ne. Wanda ya riga ka da shekara uku zuwa biyar, ɗalibin digiri na biyu ko likita mai horon ƙwarewa, shi ya san fom ɗin bana da ranar rufewa, kuma yana ɗaga waya. Babban malami kana buƙatarsa ne domin takardar shaida. Ka riƙe duka biyun.

Zuwa da kai ya fi aike. Sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa kan yi taron ilimi na mako-mako. Ka nemi izini ta hannun malaminka ka riƙa zama. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kusan duk ƙwararrun gari na haɗuwa wuri guda, kuma ana neman masu taimakawa. Idan ka sami wanda ka natsu da shi, kada ka ce "Ranka ya daɗe, ka zama ubangidana." Ka zo da buƙata ƙarama: "Malam, ga shafi biyu na taken bincikena, ko za a duba mini?" Ya yi gyara, ka gyara, ka dawo da shi cikin mako guda. Nan ake gane ɗalibin da ya cancanci a ɓata wa lokaci. Kada kuma ka fara da roƙon kuɗi, ko da kana cikin matsi. Ka tambaye shi inda ake nema.

Takardar shaida a nemi ta wata guda kafin ranar rufewa, ka haɗa masa da tarihin karatunka, sakamakonka da sanarwar tallafin. Wadda ta ce "yaro ne mai ladabi" kaɗai ba ta cin tallafi. Wadda ke ci ita ce ta wanda ya ga aikinka har zai iya cewa ka tattara bayanai a bincike kaza, ka yi wata kaza kana zuwa asibiti. Cikakkiyar takardar sakamako daga jami'a kan ɗauki watanni, ka nema tun kafin a buɗe fom.

Ga 'yan'uwanmu mata: a haɗu a ofis, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe, kuma jagoran da ya fara kiran dare ko gindaya sharaɗi a bar shi, a sanar da shugaban sashe. Abin da ka gani ko ka ji a ɗakin duba marasa lafiya kuma ba ya fita, ko a hira da abokai, ko a WhatsApp da sunan "darasi". A garuruwanmu kwatance kaɗan ya isa a gane gidan su waye, kuma ɗalibin da aka kama da haka ba a sake barinsa ya shiga ɗakin.