Filin Tambaya da Amsa: Kwalin Sanyaya Ɗakin Kaji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da rufaffen ɗakin kaji mai fankoki. Shekara biyu ke nan da na sa kwalin sanyaya iska, wanda ake ce wa kulin-fad. Yanzu ya yi wani farin ɓawo mai tauri, kajin kuma sai haki. Ruwan burtsatse nake ba shi, kuma don tattali famfon yana aikin minti biyu ya huta minti takwas. Ina matsalar take? Daga wani mai kiwo a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, tattalin nan shi ne ya ci maka kwali. Aikinsa irin na randa ne: ruwa ya jiƙa jiki, iska ta busa, ruwan ya tashi ya tafi da zafi. To amma tsantsar ruwa ce ke tashi, gishirin da ke cikinsa nan yake zama. Duk sanda famfo ya tsaya kwalin ya bushe, sai gishirin ya daskare a jikin takardar. Kai kuwa sau shida a awa ɗaya kake busar da shi. A hankali ramukan suka tsuke, fankoki na ta ja amma iska ba ta samun hanya.

Ruwan da ake sakar wa kwali ba na jiƙawa kaɗai ba ne, har da wankewa. Mai kaurin santimita 15 yana son kimanin lita 9 a minti ɗaya a kan kowace mita ta tsawonsa, mai kaurin santimita 10 kuma lita 6. Mafi yawan ruwan nan kwata yake gangarawa ya koma tanki, don haka ba asara ba ce. Idan zafi ya yi ka kunna famfo, bar shi ya yi ta aiki har rana ta yi sanyi.

Sai ruwan tankin kansa. Fanka ɗaya mai inci 50 tana iya ƙafar da lita 200 ko fiye a awa ɗaya a tsakiyar Afrilu. Kullum ana ƙara sabon ruwa, gishirin jiya da na shekaranjiya na nan a ciki, ruwan yana ƙara zartsi. Maganinsa a buɗe ƙaramar mafita a bututun da ke kai ruwa sama, ta riƙa zubar da kaɗan a kai a kai. Fara da lita ɗaya a kan kowace lita huɗu ko biyar da ke tashi, idan ɓawo bai daina fitowa ba ka ƙara. Kowane mako kuma a juye tankin ƙaf a wanke shi.

Ɓawon da ya riga ya kama, a bar kwalin ya bushe sarai, a goge da burushi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye da tiyo. Kada a kusanto da injin wankin mota, yaga takardar yake yi. Bayan nan ka shiga ɗakin da rana ka leƙa ta ramukan. Duk fallen da haske ba ya ratsawa, ko wanda gindinsa ya yi laushi ya zauna, canza shi ya fi.

Tambaya: A bazara ɗakina sanyi ƙalau, amma da damina ta kankama sai na ga kamar kwalin bai aiki, shimfiɗar kajin ma jiƙewa take. Ya lalace ne? Daga wata mai kiwo a Zariya.

Amsa: Lafiyarsa lau, Hajiya. Busasshiyar iska ce ke ɗaukar ruwa. Ranar da zafi ya kai digiri 40, danshin iska kuma kashi 20 cikin ɗari, kwali mai kyau kan sauko da iskar zuwa wajen digiri 27. A watan Agusta kuwa, zafi 30 danshi kashi 80, da ƙyar ya rage digiri biyu, sai dai ya ƙara laima. Kaza da haki take fitar da zafin jikinta, iska mai laima kuwa ba ta karɓar wannan tururin. Ki sayi ma'aunin danshi ki rataye. Da ya doshi kashi 80, kashe famfo ki bar fankoki su yi aiki. Haka ma da dare.

Tambaya: Gansakuka ta rufe nawa. In zuba bilic a tanki? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam. Sinadarin kulorin mai ƙarfi yana cinye abin da aka tsuma takardar da shi don ta yi tauri, sai kwalin ya saki jiki. Asid ma haka, kuma ruwan ya kamata ma'aunin tsaminsa, wato pH, ya tsaya tsakanin 6 da 8. Gansakuka rana take so da danshi marar yankewa. Sau ɗaya kullum da yamma ka kashe famfo, fankoki su ci gaba har kwalin ya bushe ƙamas. Rufe tanki kada haske ya shiga, ka yi wa kwalin rumfa daga sama ba tare da ka tare masa iska ba.

Tambaya: Wasu wurare a jikin kwalin a bushe suke, kuma ruwa yana fantsamowa cikin ɗaki. Daga Jos.

Amsa: Busassun layuka daga sama zuwa ƙasa alamar ƙofofin bututun sama sun toshe ne, kuma ta nan iska mai zafi ke wucewa kai tsaye. Tsokane su da siririyar waya, buɗe ƙarshen bututun ruwa ya kore dattin, ka wanke matatar famfo kowane mako.

Fantsamar kuwa, duba yadda aka jera fallayen. A kwalin da ramukansa ke da kusurwa biyu mabambanta, digiri 45 da 15, ramukan da suka fi gangara su kalli ƙasa ta fuskar waje, ba ta cikin ɗaki ba, domin ruwa ya riƙa komawa fuskar da iska da ƙura ke bugawa. Masu haɗawa kan juya shi baibai. In jerin daidai yake, to kwalin ya yi wa fankokin kaɗan, iska na wucewa da gudu tana jan ruwa. Kowace fanka mai inci 50 tana buƙatar kimanin murabba'in mita 6 na kwali mai kaurin santimita 15. Kafin hunturu kuma a busar da shi, a zubar da ruwan tanki, a rufe fuskarsa da tamfal saboda ƙura in ba ta nan iska ke shiga ba, a kuma sa wa ɓeraye tarko a gindinsa, don suna son yin sheƙa a ciki.